Taya ko Taimaka: Kundin Aikin Ɗan Littafin “Help”

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Yau na fara tattara jimlolin ɗan littafin da na daɗe ina son haɗa wa 'yan aji shida na sakandare da nake yi wa darasin Turanci da yamma a nan Zariya. Ba nahawun Turanci duka zan ɗauko ba. Aikatau ɗaya ne, wato “help”, da abokan tafiyarsa irin su “help with” da “help out” da “can't help”. Daga baya a zo kan “make it easier” da “assist” da “facilitate”, tunda duk hidimarsu ɗaya ce, taimako da sauƙaƙawa.

Na san wani zai ce aikatau ɗaya ya yi kaɗan a yi masa littafi. Duk wanda ya taɓa zama da tulin takardun insha'in yaranmu ba zai faɗi haka ba. Ka ce su rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma kan rijiyar burtsatsen da ta lalace, ko su rubuta wa kawu kan kuɗin makaranta, wasiƙar roƙo ce za ta fito, roƙo kuwa a bakin Bahaushe da “taimaka” yake farawa. Shi ya sa “help” yake cika shafi, kuma a nan ake zubar da maki. A jarrabawar WAEC ana son insha'i ya kai kalmomi 450. Makinsa 50 ne, 20 daga ciki na yadda ɗalibi ya sarrafa harshe, 10 kuma na tsabtar rubutu daga kurakurai. Yaro yana iya zuwa da hujjoji masu kyau amma a zaftare shi a waɗannan wurare biyu.

Ba zan ƙirƙiro misalai daga kaina ba. Daga takardun yaran zan kwafo su, ba suna, in raba shafi gida uku: abin da ya rubuta, abin da yake nufi da Hausa, da abin da mai karatu wanda bai san Hausa ba zai fahimta.

Alhamis, 16 ga Janairu

Jimloli uku ne suka fi yawan dawowa, kowace da ɗan sauyin kama:

“Please help me with your pen.”

“Help me greet your mother.”

“My brother helped me to buy the JAMB form.”

Babu wadda ta karya dokar nahawu a cikinsu, kuma wannan ne ya sa suke da wuyar kamawa. Ta farko “taimaka min da bironka” ce aka juya ta kalma bayan kalma. Mutumin Landan in ya ji ta zai ɗauka murfin biron ne ya ƙi buɗuwa, ko kana son ya nuna maka yadda ake amfani da shi. In aro yake so, shi cewa zai yi “Could you lend me your pen?” ko “May I borrow your pen?” Ta biyu “gaishe min da Mama” ce, wadda a can suke cewa “Give my regards to your mother.”

Ta ukun ta fi ɗaukar hankalina. Na tambayi mai ita ko tare suka je da yayan nasa. Ya ce a'a, yana makaranta, yayan ne ya je shi kaɗai ya bi layi ya sayo. Jimlar da ya rubuta kuwa tana nuna shi ne ya saya, yayan ya sa masa hannu, ko ya raka shi ko ya cika masa kuɗi. Abin da ya faru shi ne “My brother bought the form for me.” Labari ya canza ba tare da yaron ya sani ba.

Wannan salo ba na Hausawa kaɗai ba ne. A Legas da Inugu ma haka ake faɗa, kuma kowa yana ganewa. Zan dawo kan wannan.

Talata, 21 ga Janairu

Yau aikin ya samu ƙashin bayansa, kuma daga wajen malamar Hausa ta makarantar da nake koyarwa da safe ya fito. Tana duba shafukan a ɗakin malamai, sai ta sa yatsa a gidan tsakiya inda na jera “taimaka” daga sama har ƙasa.

“Malam,” in ji ta, “ai wannan ‘help’ ɗin da kake bayani ba taimaka ba ce, taya ce.”

Na ce ta ƙara min haske.

“In ka ce wa yaro ya taya ka ɗaukar buhu, kai ma kana riƙe da gefe ɗaya. In ka ce ya taimaka ya ɗauko maka, kana iya zama a inuwa. Ka taɓa jin an ce ‘taya ni da bironka’?”

Ba a faɗa. Kuma duk jimlolin da na ware a matsayin masu matsala, in ka sa musu “taya” sai su ƙi zama a baki. Masu kyaun kuwa su zauna daram: “She helped me wash the plates”, ta taya ni wanke-wanke, “We helped him with the weeding”, mun taya shi noma, “Help me look for my key”, taya ni neman makullina. Ashe ma'aunin yana bakin yaran tun suna goye. “Taimaka” a wurinmu ta wuce aiki, ta zama ladabin roƙo, kamar “don Allah”. Muna cewa “taimaka ka matsa”, “taimaka ka rufe ƙofar”, ba don muna riƙe da ƙofar ba. Turanci yana yin wannan ladabin da “please” da “could you”, ya bar “help” a kan aikin da aka yi tarayya.

Da yamma na gwada a aji. Akwai wani dogon benci a bayan zauren da muke darasi, na katako mai nauyi, ƙafarsa ɗaya an ɗaure ta da waya. Na sa yara biyu suka kama, kowa da gefensa, na ce wa na gaba ya faɗi abin da ke faruwa da Turanci. Ya ce, “He is helping me carry the bench.” Na ce ya saki. Ya saki, ɗayan ya rungumi bencin shi kaɗai yana tangaɗi, ajin ya kwashe da dariya. Na ce to yanzu fa? Ya fara “He is helping me…” sai wata yarinya daga layin mata ta katse shi: “Ai ka saki! He is carrying it for you.” Na rubuta tambaya ɗaya a saman allo na ce kada a goge: wa ya yi aikin? In ku biyu ne, “help”. In shi kaɗai ne, a sa aikatau ɗin a bi shi da “for me”. In kuma abu ya ba ka, “lend” ko “give”.

Dole in sa gargaɗi biyu a littafin. Ba kowace taya ce “help” ba: taya murna “congratulate” ce, taya hira da taya kwana kuma “keep someone company”. Sannan “help” tana da fili fiye da taya idan ba wani aikatau ko “with” a bayanta. “The doctor helped him” da “This medicine helps” taimako ne da amfani kawai. Ma'aunin malamar yana aiki ne a inda yaran suke faɗuwa, kuma nan nake buƙatarsa.

Juma'a, 24 ga Janairu

Hunturu ya sauka da ƙura sosai, yara kaɗan ne suka zo, su ma da tari. Mun tsaya kan batun kuɗi kawai. “My uncle helped me with my school fees” daidai ce, domin nauyin naka ne ya ɗauke maka wani sashe. “Help me with five hundred naira” kuwa gara a ce “Could you lend me” ko “Could you give me”. Abin da ke bin “with” shi ne nauyin da ke kanka: “homework”, “luggage”, “fees”, “the cooking”.

Laraba, 29 ga Janairu

Tambayar da kowane rukuni na ɗalibai ke yi ta iso: da “to” ko ba “to”? “Help me carry” ko “help me to carry”? Wani yaro ya ce a makarantarsu an ce musu wadda ba “to” kuskure ce, wata kuma ta ce su an ce musu mai “to” ce kuskure.

Duka biyun daidai ne, kuma akwai hujja. A Jami'ar Brown ta Amurka, Henry Kučera da Nelson Francis sun tattara rubuce-rubucen da aka buga a 1961, kimanin kalmomi miliyan ɗaya, suka zuba a kwamfuta. Masana daga Lancaster da Oslo da Bergen suka yi irin wannan tarin da rubutun Birtaniya na wannan shekarar. Bayan shekara talatin, a Jami'ar Freiburg ta Jamus, ƙarƙashin Christian Mair, aka sake tattara irinsu daga rubutun Birtaniya na 1991 da na Amurka na 1992, don a ga abin da ya sauya. “Help” tana cikin abubuwan da suka fito fili. A 1961 Amurkawa sun riga sun fi son barin “to”, Turawan Ingila suna riƙe da ita. Zuwa 1991 su ma sun karkata ga barin ta. Malamanmu da suka ce dole sai da “to” sun yi karatu ne a kan littattafan wancan zamanin, ba daga iska suka ɗauko ba.

Akwai masana nahawu da ke ganin in an bar “to” mai taimakon ya sa hannu a aikin kai tsaye, in an sa ta kuma daga nesa ya taimaka. Ra'ayin ya yi min daɗi don ya zo kusa da batun taya, amma Turawan kansu ba sa kiyaye shi a magana, saboda haka ba zai shiga littafin ba. Yaro mai jarrabawa a gabansa ba ya buƙatar dokar da ba ta tsayu ba.

Abin da zai shiga shi ne wuraren da ba zaɓi. In an juya jimlar mai karɓar taimakon ya dawo gaba, “to” wajibi ce: “He was helped to stand.” Ba a cewa “help me carrying”, balle “help me to carrying”, wadda na gani fiye da yadda na zata. In kuma “to” ta riga ta zo kafin “help”, kunne ya fi son a bar ta biyun: “I came to help you pack.” Na kuma jera musu 'yan'uwanta don su ga matsayinta. “Let” da “make” ba sa ɗaukar “to”: “let him go”, “make him go”. “Allow” da “enable” ba sa tafiya sai da ita. “Help” ce ke tsakiya, tana cin kasuwa biyu.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Yau wuraren da “help” ta bar taimako gaba ɗaya. A gwajin cike gurbi na ba su “I couldn't help laughing”, kusan duka suka fassara ta da “ban iya taya dariya ba”. Ma'anarta “na kasa daurewa sai da na yi dariya”. A nan “help” hanawa ce, kuma nan ne take ɗaukar aikatau mai wutsiyar “-ing” kai tsaye. Tana da ƙanwa, “I couldn't help but laugh”, mai ma'ana ɗaya amma ba wutsiya. Masu shirya tambayoyin zaɓi suna son cakuɗa su biyun, don haka na ba su shafi guda su kaɗai.

“Help yourself” ba ta ba su wahala ba da na ce ita ce “bismillah” ɗin da ake yi wa baƙo in an ajiye kwano. “It can't be helped” kuma “ba yadda za a yi”. Sai “He helped himself to my money”, wadda ke nufin ya ɗiba ba izini. Wannan ta ba su mamaki ƙwarai.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Mun yi doguwar muhawara da wani abokin aiki, wanda ya girme ni a koyarwa kuma nake ganin girmansa. Ya duba shafukan ya ce bai ga kalmar “kuskure” a saman gidan farko ba, na rubuta “Turancin gida”. A ganinsa ina lallashin yara ne. Abin da ba daidai ba a ja masa jan biro, in ji shi, don mai duba takarda ba zai lallashe su ba.

Rabin maganarsa gaskiya ce, kuma saboda ita nake wannan aikin. Amma ban yarda a ce wa yaro abin da uwarsa da malaminsa na lissafi da ma'aikacin banki suke faɗa kullum shirme ne ba. Zai kalli allo, ya kalli gari, ya bi gari. In ka ce masa wannan na nan ne, wancan na takardar jarrabawa da na baƙon da bai san ƙasar ba, ka ba shi abu biyu maimakon ka ƙwace masa ɗaya. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da salon magana 29 na Turancin Najeriya, har da “okada” da “danfo” da “Kannywood”. A Jami'ar Münster ta Jamus kuma an tattara rumbun Turancinmu, na baki da na rubutu, ana nazarinsa a matsayin Turanci mai tsarin kansa. Bai kamata mu da ke magana da shi mu zama na ƙarshe wajen ganin mutuncinsa ba.

Ya ce, “To Malam, ƙamus ɗin ne zai duba musu takarda a watan Mayu?” Na ce a'a. Mun tsaya a kan cewa taken zai zauna yadda yake, amma a ƙasan kowane shafi za a sa layi da manyan baƙaƙe: kada ka rubuta wannan a jarrabawa. Shawararsa ce, kuma ta ƙara wa littafin ƙarfi.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Mun shiga sauƙaƙawa. Hausa tana da aikatau guda, “sauƙaƙa”, ta gama magana. Turanci sai ya jero “make” da “it” da “easier” da “for” da “to”, kuma a wannan jerin “it” ce ke faɗuwa a hanya. Yara suna rubuta “The new road will make easier for farmers to reach the market.” Ba laifinsu ba ne su yar da ita, don in ka tambaye su me “it” take nufi a nan, ba abin da za su nuna.

Na ce musu ba ta nufin komai, wuri take riƙewa, kamar sallayar da mutum ke shimfiɗawa a sahun gaba ya tafi alwala. Mai wurin shi ne “to reach the market”, ya yi tsawo ne aka tura shi ƙarshen jimla. In kuwa karɓau, wato abin da aka sauƙaƙa, suna ne gajere da zai zauna a wurinsa, ba a buƙatar ta: “The new road will make travel easier.” Kuskuren da ya biyo baya shi ne masu sa duka biyun, “make it travel easier”, da kuma “more easier”, wadda na san sai mun sake komawa kanta.

Wannan babin ya fi kowane amfani ga wasiƙar hukuma da rubutun muhawara, domin duk shawarar da ɗalibi zai bayar, ta hanya ce ko ta wuta ko ta taki, da wannan ginin zai faɗi amfaninta.

Talata, 18 ga Fabrairu

“Facilitate” kalma ce da yara ke so don tana da nauyi a baki, kuma suna jin ta a tarukan ƙungiyoyi da labaran rediyo. Matsalarta ɗaya: aiki take sauƙaƙawa, ba mutum ba. “Facilitate trade” da “facilitate the payment” daidai ne. “Facilitate me to further my education” ba ta tafiya, a nan “enable” ko “help” ake so. “Assist” ta fi zama da “with” ko “in”: “assist with the registration”, “assist in organising the debate”. Na gaya musu gaskiyar ra'ayina, cewa in “help” za ta yi aikin, su bar ta ta yi. Babbar kalma a gurbin da ba nata ba ta fi ƙaramar kalma cin maki.

“Ease” ta zo a ƙarshe: “ease the pain”, “ease the traffic”, “the rain eased off”. Na sa ɗan bayani kan “I want to ease myself” da muke faɗa in za mu zagaya, don wanda wata rana zai fita waje ya san ba ko'ina ake gane ta ba.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Na kai rubutun shagon kwamfuta don a buga. Da aka fitar da shafin gwaji, duk inda ƙ da ɗ da ɓ suke sai ɗan akwati ya fito, “sauƙaƙa” ta zama ramuka biyu. Yaron shagon ya ce a sa k da d kawai kowa zai gane. Na ƙi. Littafin da ke koya wa yaro kula da “to” da “it” ba zai yi sakaci da baƙaƙen harshensa ba. Muka zauna muna canza salon baƙaƙen har muka samu wanda ya karɓe su, duk da an ɗauke wuta a tsakiya an jira janareta.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na ba su wasiƙa su rubuta wa kansila kan magudanar ruwan unguwa kafin damina. “Help me with” ta aro ta ragu sosai, kuma na ga wasu sun rubuta “wa ya yi aikin?” da fensir a gefen takarda suna auna jimlarsu. “Make it easier” ta fito daidai a mafi yawan takardun. Wadda ta ƙi tafiya ita ce “help me to” mai ma'anar “yi min”, musamman a wasiƙar gida: “help me to tell Baba”, “help me to collect my result”. Wannan babin yana buƙatar ƙarin atisaye, kuma ina ganin da baki ya kamata a yi shi kafin rubutu.

Saura babi ɗaya ban taɓa ba: “help out”, ta kai ɗauki na ɗan lokaci, da su “help him up” da “help her across the road” da “help him into the car”, inda ƙaramar kalmar da ke biye take nuna inda aka kai mutum. Malamar Hausa ta karɓi gidan tsakiya za ta duba min fassarar duka. Azumi ya ƙarato, don haka darasin zai koma safiyar Asabar da Lahadi, kuma da babin “help out” za mu buɗe.